Yadda Za Ka Kwashe Kayan Gida Daga Kano Zuwa Wani Gari Cikin Sauƙin Kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban abin da ke damun mai tashi daga Kano da iyalinsa. Abuja ta haura kilomita 400, Legas kuwa ta haura 1,000. Inda mutane suka fi faɗawa asara shi ne ɗaukar kuɗin da direba ya yanka a matsayin duk abin da za a kashe, alhali akwai sauran kuɗi a ɓoye.

Kafin ka taka tasha, ka fara rage kayan. Tsohuwar sif ta katakon zamani da ruwa ya taɓa ba za ta isa lafiya ba, kuma ita ce mai cinye wuri. Irinta a sayar wa dillalai ko a bai wa 'yan uwa. Sauran a kira kafinta ya kwance gado da teburi, a zuba kusoshin kowanne a leda a ɗaure a jikinsa. Sannan ka rubuta komai a takarda, ka ɗauki hoton kayan a waya, domin da hoton za ka yi ciniki.

Daga nan sai kwatanta hanyoyi. Ta farko ita ce shatar mota, ƙirar Kanta ko a-kori-kura, gwargwadon yawan kaya. Ita ce mafi tsada a baki, amma daga ƙofar gidanka take ɗauka ta sauke a ƙofar sabon gida, loda ɗaya, sauke ɗaya. Mai gado, kujeru da firij, a ganina nan ya kamata ya tsaya.

Ta biyu ita ce motar da za ta koma. Manyan motocin da suka sauke kaya a Kasuwar Singa ko Kantin Kwari, da masu lodin hatsi a Dawanau, direbobinsu ba sa son tafiya da fili a baya, don haka sukan yi rangwame sosai. Sai dai kai za ka jira motar, ba ita za ta jira ka ba. Kayanka za su zauna tare da buhuna, kuma sau da yawa a tasha ko kasuwa za a sauke maka, ka sake neman wata motar da wasu 'yan dakon. Kowane sauke da lodi wata dama ce ta karyewar ƙafar kujera.

Ta uku webil ce, wato aika kaya a matsayin saƙo ta motocin fasinja a Unguwa Uku da Na'ibawa, ko manyan bas na New Road a Sabon Gari ga mai zuwa kudu. Ta dace da jakunkunan tufafi da kwalayen kwanuka kawai.

Ka nemi farashi daga mutum uku aƙalla, kowanne ka yi masa tambayoyi iri ɗaya: Malam, kuɗin nan har da 'yan dako? La'adar ɗan kamasho a kan wa take? Abin da za a biya a hanya fa? Har ƙofar gida ne? Ka haɗa amsoshin a takarda. A nan ne sau da yawa motar arha take kamo shata a kuɗi.

Idan ka zaɓa, ka yi cinikin a ofishin ƙungiyar direbobi ta tashar, a gaban shaida. A rubuta lambar mota da sunan direba, ka bayar da wani kaso, cikon sai kaya sun sauka. In da hali, wani ɗan uwa ya bi motar, kuma a tashi da asuba don a yi tafiyar da rana. Rasit na talabijin, firij da janareta su kasance a hannun mai bin motar saboda shingayen bincike.

Ranar lodi, a tsiyaye man janareta, tukunyar gas ta tafi ba komai a ciki. Masu nauyi su shiga ciki can gaba, gilashi da madubi a tsakanin katifu. Idan damina ce, ka duba tamfol ɗin da idonka, kada ka yarda da "akwai, Alhaji". Takardun makaranta, na fili da zinaren uwargida su tafi a jikinku. Firij kuwa a tsaye ake ɗora shi, kuma bayan an sauke a bar shi wasu sa'o'i kafin a kunna, man injinsa ya koma mazauninsa.