Yadda za ka ziyarci tsohon garin Zanzibar da ƙauyukan da ke kewaye da shi

Yawancin masu zuwa tsibirin Zanzibar da ke Tanzaniya daga filin jirgi mota ke kwashe su kai tsaye zuwa otal-otal na bakin teku, sai ranar komawa su leƙa tsohon gari na awa biyu su sayi tsaraba. Ni shawarata, ɗan'uwa, ka juya tsarin. Ka fara sauka a cikin tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, ka kwana a cikinsa, ka taka shi da ƙafa, sannan ka fita ƙauyuka. Gonakin kanumfari da ramukan ɓoye bayi da tsofaffin masallatan da ke wajen gari ba za su yi maka ma'ana ba sai ka ga garin da dukiyarsu ta gina.

Lokacin zuwa shi ne farkon abin dubawa. Daga Maris zuwa Mayu ake tafka babbar damina, lunguna su cika da ruwa, wasu masaukai ma rufewa suke yi. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi, babu ruwa sosai kuma zafi da sauƙi. Akwai ɗan gajeren ruwa wajen Nuwamba, daga nan sai zafi mai gumi har Fabrairu. In tafiyarka ta faɗo cikin azumi, ka sani yawancin gidajen abinci na 'yan gari a rufe suke da rana, amma daren azumi a garin abin gani ne.

Hanya biyu ce. Ko ka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, wanda bai kai kilomita 10 daga gari ba, ko ka hau jirgin ruwa daga Dar es Salaam, tafiyar kamar awa biyu. Na fi son ta ruwa, don ta nan ne garin ke fuskantarka da tsofaffin benayensa kamar yadda ya fuskanci fatake tun da. Ka sayi tikiti a tagar kamfani da hannunka, kada ka miƙa kuɗi ga 'yan kamashon da za su tare ka a bakin ƙofa. Mai saurin jiri ya hau jirgin safe, teku ya fi kwanciya. Fasfo ya kasance a aljihu: Zanzibar ta haɗe da Tanganyika a Afrilun 1964 aka samu Tanzaniya, amma tana da gwamnatinta, kuma za a duba takardunka ko daga Dar ka fito. Ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Tun Oktoban 2024 kuma an wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta gwamnatin tsibirin a kan dala 44, gara ka biya ta intanet kafin ka taso. Kuɗin kashewa sulen Tanzaniya ne. Ka canza isasshe a gari, don samun na'urar cire kuɗi a ƙauye sai an sha wuya.

Ka kama masauki a cikin tsohon gari, unguwar Shangani ko Malindi ko Kiponda. Mota ba ta shiga yawancin lunguna, saboda haka ka rage kaya, kuma ka tambaya hawa na nawa ɗakinka yake, don matakalan tsofaffin gidajen nan a tsaye suke. In ka shiga ɗaki ka ɗaga kai ka dubi rufi. Azarar da za ka gani ta itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri ce, kuma tsawonta ne ya ƙayyade faɗin ɗakunan garin, shi ya sa za ka ga ɗaki dogo amma siriri. Bangon kuwa dutsen murjani ne da farar ƙasa, yana shan ruwa yana kuma riƙe sanyi. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Ranar farko kada ka ɗauki ɗan jagora. Ka fito bayan sallar asuba ka bi lungu duk inda ya kai ka. Ɓata dole ne, amma garin ƙarami ne, teku ya kewaye shi ta yamma, babban titin da ya bi ta gaban kasuwar Darajani ya tare shi ta gabas, duk inda ka miƙe za ka ɓulla ɗaya daga ciki. Ka lura da ƙofofi. Masu kai a miƙe, da ayar Alƙur'ani sassaƙe a sama, salon Larabawan Oman ne. Masu kai a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla na 'yan kasuwar Indiya ne. Kusan kowane gida da dakalinsa, kuma a nan rayuwar garin take. A dandalin da ake kira Jaws Corner dattawa ke zama da safe suna shan baƙin gahawa a ƙananan kofuna. Ka yi sallama, ka zauna, ka saya. Sallamar nan ita za ta buɗe maka baki da mutane fiye da kowace takarda.

Masallatai kusan 50 ne a wannan ɗan wuri, amma za ka iya wuce goma ba ka gane ba. Sarakunan Oman da suka mulki Zanzibar mabiya mazhabar Ibadiyya ne, ba sa ƙawata masallaci daga waje, shi ya sa hasumiya ta yi ƙaranci. Ta masallacin Mnara da ke Malindi na cikin 'yan kaɗan na da. Yawancin mutanen gari Shafi'awa ne, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya kuma yi alƙunutu a fili bayan ruku'u a sallar asuba. Ka bi liman kawai. Sutura kuma a kiyaye, mace da namiji. Kayan wanka na bakin teku ne, ba na cikin gari ba. Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai da izininsa.

Rana ta biyu ce ta ɗan jagora, ka nemi mai katin shaida, ku yi ciniki kafin ku tashi. A bakin teku za ku fara da tsohuwar ganuwa da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da ita Beit al-Ajaib ne, gidan sarauta da Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya samu lantarki a Zanzibar. Wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020, saboda haka ka tambaya ko an buɗe kafin ka sa rai. A wannan fili ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai awa ɗaya ba.

Daga nan ku nufi Mkunazini, inda kasuwar bayi take. Ina roƙonka kada ka yi gaggawa a nan. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, kuma arzikin da ya biyo baya a kan abu uku ya tsaya: hauren giwa, kanumfari da bayi. Ayarin fatake irin na Tippu Tip, wanda gidansa ke nan a Shangani, suna kutsawa har Kwango su dawo da mutane a ɗaure. An rufe kasuwar a 1873 bisa matsin lambar Ingila, aka gina cocin Angilika a wurin, amma bautar kanta ba a soke ta ba sai 1897. Akwai ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa da za a shigar da kai, rufinsu ƙasa-ƙasa, iska da ƙyar. Ka karanta allunan bayanin da ke wurin har ƙarshe. Musulmi ne da yawa cikin masu wannan ciniki, kuma bai kamata mu kau da kai daga hakan ba. Bayan ka fito, ƙofofin nan masu ado za su yi maka wani irin kallo dabam.

Da magariba kowa lambun Forodhani da ke bakin teku yake nufa, inda ake gasa kifi da jatan lande a fili. Ka zaɓi wanda za a gasa a gabanka, ka tambayi kuɗi tun kafin a ɗora a wuta. Ni dai abin da ya fi kwanta min shi ne urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, sai ruwan rake da aka matse da citta da lemon tsami.

Yanzu sai fita waje. Motocin haya da ake kira daladala na tashi daga wajen Darajani da araha, sai dai cunkoso da tsaye-tsaye. In kuna da yawa ku yi shatar mota ta yini. In za ku sa lokaci da direba ka tabbatar da wane agogo yake nufi, don a lissafin Sawahili ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya.

Gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi ba su da nisa, rabin yini ya isa. Za ka ga kanumfari a bishiyarsa, da kirfa da ake ɓarewa daga bawo, da gyaɗar ƙamshi cikin jar rigarta. Guguwar 1872 ta kakkarya yawancin itatuwan kanumfarin wannan tsibiri, tun daga nan tsibirin Pemba da ke arewa ya karɓe gaba a nomansa. Ka haɗa wannan fita da Mangapwani, kamar kilomita 20 arewa da gari, inda aka fafe rami cikin dutse ana ɓoye bayi bayan an haramta fitar da su.

Kudu kuwa yini guda take so. Ka tsaya dajin Jozani ka ga jan birin da babu irinsa sai a Zanzibar, kada ka ba shi abinci. Ka wuce Kizimkazi Dimbani. Masu yawon buɗe ido kifayen dolfin ke kai su can, amma abin da ya kamata ya kai ka shi ne ɗan masallacin ƙauyen. An sake gina yawancinsa a ƙarni na 18, sai dai tsohon rubutun Larabci salon Kufi da ke jikin bangon alƙibla na ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Ka nemi mai riƙe da makulli, ka yi nafila, ka ba da abin da ya sawwaƙa don kula da wurin. Mutane na sallah a wannan wuri fiye da shekara 900, kuma har yau ana yi.

Bayan wannan ka je ka huta a bakin teku da hujja. A gabas, Paje da Jambiani, ruwa na janyewa da nisa sau biyu a yini, lokacin ne mata ke shiga gonakinsu na ciyawar teku. Ka tambayi lokacin cikar ruwa kafin ka shirya wanka, ka kuma sa takalmi saboda ƙayar da ke ƙasa. A arewa, Nungwi, ruwa ba ya janyewa sosai, kuma a can za ka tarar da masassaƙa na haɗa jiragen katako a kan yashi. Tsarabar kayan ƙamshi kuwa ka bari sai ka dawo gari, ka saya a kasuwar Darajani inda 'yan gari ke saye, ka shinshina kafin a ƙulla maka.