Kalmomi 12 ɗin nan su ne kuɗinka, ba wayar ba

Gyaran waya nake yi a Argungu. Tun da Notcoin, wasan dangwalar allo na cikin Telegram, ta biya mutane da kuɗin intanet, wato kirifto, a watan Mayun 2024, da wuya a kawo mini waya ban ga Telegram da walat, wato manhajar ajiyar kirifto, a cikinta ba. Samari kan cika bencin ƙofar shagona suna jiran caji, kowa na dangwalar allo, wai mainin, wato haƙar kirifto. Ba na hana kowa nema. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake kwashe wa yaran nan ɗan abin da suka tara, kuma kusan kullum ta ƙofa ɗaya ɓarawon ke shigowa.

Bayan rabon Hamster Kombat, wani wasan irin Notcoin, a ƙarshen Satumban 2024, mutane da yawa sun samu ƙasa da abin da suka sa rai. Ana cikin wannan ɓacin ran ɗan ƙanin babana ya shigo shago da sassafe, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yaya, duba man wayag ga, walat ɗin ta koma sifili."

Na ce, "Kai ƙanena, wa ka ba kalmominka?"

Ya rantse bai ba kowa ba. Da muka bi diddigi, ashe wani ne ya yi masa magana ta Telegram, ya ce akwai kaso na biyu na rabo ga waɗanda aka tauye, ya turo masa adireshin wani shafi. Shafin ya ce sai ya rubuta kalmomin sirrinsa 12 kafin a tabbatar walat ɗin tasa ce. Ya rubuta. USDT ɗin da ke ciki, wato kirifton da ke bin darajar dalar Amurka, kuɗin buhun shinkafa biyu ne da ya nomo a fadama. A ganinsa bai ba mutum ba, tunda shafi ya rubuta wa.

To ga abin da nake so kowa ya gane. Kuɗinka ba a cikin waya suke ba, suna rubuce ne a kan bulokcen, wato kundin intanet da ke riƙe da lissafin kirifto. Kalmomin da aka nuna maka ranar da ka buɗe walat, 12 a Trust Wallet da MetaMask, 24 a Tonkeeper da walat ɗin Pi, daga cikinsu ake fitar da mabuɗin sirrin da ke motsa kuɗin. Duk wanda ya same su a jere, zai zuba su a tasa wayar ko yana wace ƙasa, walat ɗinka ta buɗe a hannunsa. Lambar sirrin da ka sa wa wayarka da zanen yatsanka ba su shafe shi ba. Kuma ba kamar banki ba ne da za ka je reshe a Birnin Kebbi ka cike takarda a rufe asusu. In kuɗi ya fita, ya fita ke nan.

Mai son ya ba ka kyauta, adireshin walat ɗinka kaɗai yake bukata, wannan dogon jerin haruffa da lambobi, kamar yadda mai turo maka kuɗi ke bukatar lambar asusunka ba lambar katinka ta sirri ba. Rabon gaskiya yana faruwa: a Satumban 2020 Uniswap, wata kasuwar musayar kirifto, ta ba duk wanda ya taɓa amfani da ita kirifton UNI guda 400, kuma ba a tambayi kowa kalmominsa ba. Ban da takardar ajiyarka, wuri ɗaya ne kawai za ka rubuta su, wato cikin manhajar walat ɗin da ka sauke da hannunka daga Play Store, ranar da ka sauya waya.

Sai ajiya. A nan sana'ata ta nuna mini abin tsoro. Sau da yawa ina gwada allon da na sauya, in buɗe hotuna don in ga ko kala ta zauna, sai ga hoton kalmomi 12 a tsakanin hotunan biki. Ni na kau da kai, amma ba kowane hannu waya ke faɗawa ba. Kada ka ɗauki hotonsu, domin hoton kan hau Google Photos da kansa, kuma akwai miyagun manhajoji da ke laluben hotuna. Kada ka tura wa kanka ta WhatsApp. Samu takarda da biro, ka rubuta da lamba daga 1 zuwa 12 ko 24, ka sake dubawa harafi bayan harafi, saboda kalmomin Turanci ne kuma wasu suna kama da juna. Yi kwafi biyu. Mu nan mun san gara, mun san ɗigar rufi da damina, mun san yadda gulbi ke shigowa gidaje in ya cika, don haka ka naɗe takardar cikin leda ka sa a gwangwani mai murfi, ka raba musu wuri. Kafin ka kai waya gyara ko ka sayar da ita, tabbatar takardar tana nan, sannan ka goge walat ɗin daga wayar.

Akwai wata ƙofa ta biyu da ba a tambayar kalmomi sam. Shafi zai ce ka haɗa walat don karɓar kyauta, sai wani akwati ya fito ka danna amincewa. A bulokcen ɗin Ethereum da BNB Chain, wannan dannawar tana iya zama izinin da ka ba wani ya ɗebi USDT ɗinka ba iyaka, yau ko bayan wata uku. A bulokcen ɗin TON kuwa, wanda Tonkeeper ke aiki a kansa, sukan rubuta saƙo mai cewa ka karɓi kaza, alhali abin da kake sa wa hannu fitar da kuɗi ne. Karanta abin da zai fita daga walat ɗinka, ba abin da aka ce zai shigo ba. In ba ka gane rubutun ba, rufe.

Ni walat biyu gare ni, kowace da nata kalmomin. Ɗaya ta ajiya, ba ta taɓa haɗuwa da kowane shafi ba. Ɗayar ta yawo, da ita nake gwada rabo, kuma ba na barin abin da ya wuce kuɗin gas, wato ɗan ladan da ake cira duk lokacin da ka motsa kuɗi, a cikinta. Lokaci-lokaci nakan shiga shafin revoke.cash in soke tsofaffin izinin da na bayar.

Tokin, wato wani baƙon kirifto, ko hoton NFT, wato hoton da ake mallaka a kan bulokcen, da ka wayi gari ka gani a walat ba ka san daga ina ba, musamman mai adireshin shafi a sunansa, ƙugiya ce, bar shi inda yake. Wanda ya ce ka turo naira dubu biyar asusunsa kafin a sakar maka rabo, ɓarawo ne. Kuɗin gas daga walat ɗinka ake cira, ba a tura wa mutum. Wanda ya fara yi maka magana a ɓoye yana cewa shi ma'aikacin kamfani ne, shi ma haka.

In ƙaddara ta riga ta faɗa, kada ka tsaya kuka. Buɗe sabuwar walat mai sababbin kalmomi, ka kwashe abin da ya rage nan take, tsohuwar kuma ka yi bankwana da ita, don ɓarayin kan sa na'urar da ke share duk abin da ya sake shiga. Ƙanen nawa ya yi ƙorafi a wani zaure, kafin magariba mutum uku sun yi masa tayin dawo da kuɗinsa in ya biya wani abu. Na ce masa kada ya kula ko ɗaya.

Abu na ƙarshe da ya dame ni shi ne gado. In mutum ya rasu ba wanda ya san inda takardarsa take, hakkin magada ya salwanta, babu alƙalin da zai iya fito da shi. Ni ban karanta wa kowa kalmomina ba, amma na nuna wa Inna gwangwanin da ke ƙasan akwatinta, na ce in ta Allah ta kasance a miƙa wa wana, shi ya san yadda ake buɗewa.