Koya wa Yara Harafin "c" Mai Sautin "k" a Karatun Turanci

Yaron da ya fara da karatun Hausa ya san harafin c da sauti ɗaya tak, wanda ke farkon "cokali" da "ciyawa". Shi ya sa idan ya ga "cat" a littafin Turanci yake furta ta da c irin ta cokali. Ba rashin ƙoƙari ba ne, ƙa'idar Hausa ya bi.

A zaɓi gajeren labari mai kalmomi biyar ko shida irin su "cat", "cup", "cap" da "cot". Karon farko a karanta masa da babbar murya ba tsayawa, ya ji daɗin labarin tukuna. A karo na biyu a ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar, a jaddada sautin farko, a ce masa: "Ka ji? Irin k ta kaza ce." Ya riƙa tafawa duk lokacin da ya ji ta. Minti 10 a rana ya isa.

A kula kada ya ƙara wasali ya ce "ka" ko "ki", ko ya mai da ita ƙ ta ƙofa.

Harafin c yana ba da k kafin a, o da u. Su "city" da "cent", inda yake komawa s, a jinkirta su sai wannan ya zauna masa, domin haɗa su a mako ɗaya rikita yaro yake yi.