Kurakuran da ke kashe macijin garta a hannun masu kiwonsa

Macijin garta, wanda masana ke kira Thamnophis, ɗan asalin Arewacin Amurka ne, ana samunsa tun daga Kanada har zuwa ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Siriri ne, yawanci bai wuce mita ɗaya ba, da layuka da suka bi tsawon jikinsa daga wuya zuwa jela. Irin na gaɓar Kalifoniya jan kai gare shi, da ɗigon ja a gefe da layi mai ruwan shuɗi, duk wanda ya gan shi a rana sai ya tsaya ya sake kallo. Saboda yana da araha kuma ba shi da faɗa, masu sayarwa kan ce wa mai saye ai wannan ba wuya. Ni a ganina wannan maganar ta kashe macizai da yawa, domin mutum kan tafi gida da shi bai tambayi komai ba.

Abinci ne kan gaba wajen ɓarna. Da mutum ya ji cewa yana cin kifi, sai ya nufi shagon kifin ado ya sayo 'yan jajayen kifin nan na gilashi, kullum su ne abinci. Irin wannan kifi yana ɗauke da sinadarin tiyaminas, mai lalata bitamin B1 a jiki. Cutar ba ta nuna kanta da wuri. Macijin yana ci, yana girma, mai shi yana murna, sai bayan watanni a ga kansa na rawa, ya kai sara ga abinci ya kuskure, ya kife ya kasa juyowa, daga nan sai farfaɗiya. Na taɓa ganin wata macijiya a haka, tana murɗewa a ƙasan akwati, cikinta a sama, harshe na fitowa a hankali. Abin ya daɗe yana damuna. Idan an kai ga likitan dabbobi da wuri, allurar B1 kan ceto ran. Amma gyaran gaskiya tun daga kwano yake: a koma ga kifin da ba shi da wannan sinadari, kamar karfasa ko salmon, kuma kada a tsaya kan tsokar kifi zalla, don babu ƙashi a cikinta, macijin kuwa yana bukatar kalsiyam. Abin da ya fi shi ne a saba masa da ƙananan ɓeraye na firiza, a narkar da su sosai kafin a ba shi. In ya ƙi, a goga wa ɓeran kifi ko tana ya ɗauki ƙamshin, sannu a hankali zai karɓa.

Tana ma ba kowace ba. Manyan tana na ƙasa abinci ne mai kyau, muddin ba daga gonar da aka yi wa feshi aka tono su ba. Ƙananan jajayen nan da ake kiwo a cikin taki kuwa suna fitar da wani ruwa mai ɗaci da kan sa shi amai, wani lokaci har ya illata shi. Kwaɗon daji kuma ya kan zo da tsutsar ciki. Sannan wanda ya saba da mesa ya sani cewa garta ba ya jimirin yunwa irin nata. Jarirai, waɗanda uwar ke haifa da ransu ba ta hanyar ƙwai ba, suna son ci duk bayan kwana 2 ko 3, babba mai cin ɓera kuma kamar sau ɗaya a mako.

Ana iya ajiye biyu ko uku wuri ɗaya, amma a raba su lokacin ci. Biyu kan kama tana ɗaya, kowa daga nasa bakin, su yi ta haɗiya har babban ya fara haɗiye kan ƙaramin.

Sai maganar ruwa. Don ana yawan ganinsa a bakin rafi da fadama, wasu kan jiƙa masa shimfiɗa sharkaf. A daji yana shiga ruwa ne ya yi farauta, ya fito ya shanya jikinsa a kan dutse ko ciyawa. Idan ya kwana ya tashi kan danshi, ƙuraje masu ruwa kan fito masa a ciki, ɓawon ya fara ruɓewa. A ba shi kwano mai faɗi da zai shige gaba ɗaya, sauran akwatin kuma ya zama busasshe. Lokacin saɓa, in idanunsa sun yi hazo-hazo, ɗan ƙaramin maɓoya mai laima a kusurwa ɗaya ya wadatar. Garin katakon sida, wani itace mai ƙamshi, kuma kada ya kusance shi, man da ke cikinsa na cutar da numfashi.

Zafi ma haka. Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa, yana neman wurin da ya dace ne. A sa fitila a gefe ɗaya ya kai kamar digiri 29 zuwa 30, ɗaya gefen ya tsaya wajen 22 zuwa 24, da maɓoya a kowane gefe. A auna da ma'auni, tafin hannu ba ya faɗin gaskiya. Murfi kuma ya zama mai makulli: nawa ya taɓa fita ta ramin da wayar fitila ke bi, ramin da ɗan yatsana ba ya shiga, sai bayan kwana biyu na same shi a bayan firiji.

Wasu kan firgita idan ya daina ci da shigowar sanyi, har su fara tura masa abinci da ƙarfi. Ɗabi'arsa ce. A Narcisse da ke lardin Manitoba na Kanada, dubun-dubatarsu ke kwana a ramukan dutse duk tsawon hunturu, su fito tare a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu don barbara. In jikinsa bai rame ba, a kyale shi, a ci gaba da auna nauyinsa. Idan ka ɗauke shi ya fesa maka ruwa mai wari daga gindin jela, tsoro ne ya sa, a rage taɓa shi har ya saba. A kuma wanke hannu da sabulu kowane lokaci, saboda ƙwayar salmonela.

Wajen saye, a nemi wanda aka haifa a hannun masu kiwo, ba na kamun daji ba. Mafi kyawunsu, na San Faransisko, yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a Amurka tun 1967, kama shi ko ajiye shi a can laifi ne.

Akwai kuma ruɗanin suna da ya shafe mu kai tsaye. A Afirka akwai macizan da ake kira garta da Turanci, masana na ce musu Elapsoidea. Ba dangin wancan ba ne, dangin gamsheƙa ne, kuma suna da dafi. Nasu zanen zobe-zobe ne da ya kewaye jiki, ba layi mai bin tsawo ba. Garta na kiwo ba ya rayuwa a dajinmu, don haka duk macijin da aka gani a gona mai zane, kada a kai masa hannu.