Ɗan haya mai kiwo: ƙa'idojin da nake bi a gidana

Kafin ka miƙa wa mutum makulli, tambaye shi da bakinka: "Malam, me iyalinka suke kiwo?" Kada ka bar wa dillali wannan tambayar, shi la'adarsa ce a gabansa. Ina da gidan haya a Fadaman Mada a Bauchi, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, kuma yawancin rigimar da na raba ba ta kuɗi ba ce. Akuya ce ta ci garin da maƙwabciya ta shanya.

Ni ba na hana kiwo. Matar da ta ɗaure tumaki biyu, da su take biyan kuɗin makarantar yara, wani lokacin ma da su ake biya na haya. Abin da nake yi shi ne in rubuta sharuɗɗa, mu sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.

A takardar akwai adadin dabbobi, don biyu kan zama shida cikin shekara. Ni nake nuna inda za a kafa turke: nesa da rijiya, kuma ba jikin bango ba, domin fitsarin dabba yana cin siminti har filasta ta riƙa zubowa. Shara kullum da safe, a tara kashin a buhu, masu lambu suna nemansa. Wanda ya tura shi lambatu, damina na zuwa zai toshe, ruwa ya koma ɗakunan mutane. Dusa kuma sai a durom mai murfi. Wannan ba na sassauci a kansa, saboda dusa tana kiran ɓera, ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, Bauchi kuwa tana cikin jihohin da zazzaɓin ya fi addaba, musamman da rani.

Ragon layya na makonni kaɗan ba na ƙirga shi. Tantabaru ne ba na yarda su shiga silin. Kare sai ga wanda ya kama gida shi kaɗai, ya kuma nuna min katin allurar rigakafin ciwon hauka daga asibitin dabbobi, yana sabunta ta duk shekara.

To idan mutum ya karya sharaɗi fa? Same shi shi kaɗai bayan Magariba, ba gaban matarsa da 'ya'yansa ba. Da yawa a nan magana take ƙarewa. In ya ƙi ji, sai mai unguwa ko limamin masallacin da yake sallah.

In duk bai yi ba, sai notis a rubuce. Idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka saba a doka shi ne wata 6 ga mai biyan shekara, wata 1 ga mai biyan wata-wata. Wa'adin ya cika bai tashi ba, a ba shi wani na kwana 7, sannan kotu. Bari lauya ya rubuta maka, kuskuren kwanan wata kaɗai kan sa a koma farko.

Ina roƙon 'yan'uwana masu gidaje, komai zafin rai kada ku cire ƙyaure ko kwanon rufi, kada ku yanke wuta, kada ku kama akuyar mutum a madadin haya. Ka yi haka, kai mai gaskiya ka koma wanda ake ƙara. Sa wa dabba guba kuwa zalunci ne, ba ita ta sa hannu a takarda ba.

Ranar da zai tashi, ku zaga gidan tare, kana riƙe da hotunan da ka ɗauka a waya ranar shigarsa. Abin da dabba ta ɓata a cire daga kuɗin ajiya na gyara, ka ba shi ragowar da rasit a nan take.