Yadda ake busar da kuɓewa da ganyen miya a ƙarshen damina ba tare da sun yi fumfuna ba

Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba, duk gidan da aka shuka 'yan layukan kuɓewa a bayan ɗaki ko gindin katanga, kuɓewar takan fi ƙarfin tukunya. A tsinka yau, jibi ta sake cika. A kasuwa ma haka: kwandon da a watan Afrilu sai an yi shawara kafin a taya, yanzu mai shi ne ke kiranki. Lokacin tanadin miyar rani ke nan. Sai dai lokacin da kaya suka fi araha shi ne kuma lokacin da iska ta fi laima, kuma yawancin kuɓewar da ake buɗewa a tarar ta yi baƙi ko tana tsami, tun a wurin shanya ta lalace.

Da farko, uwargida, ki dubi sama kafin ki ɗauki wuƙa. Ana tsakiyar marka, rana ta leƙo ta koma, kada ki yanka mai yawa. A Kano da Katsina da Maraɗi ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a Zariya da Kaduna kuwa yakan ɗan ƙara kwanaki. Babbar shanya ta jira agazari, zafin ranar nan da ke zuwa idan ruwa ya fara ja da baya. Kafin lokacin, ki riƙa yin kaɗan-kaɗan, daidai abin da za ki iya kwashewa a guje idan hadari ya taso.

Na biyu, tsinka. Kuɓewa tana kaiwa tsinka kwana 4 zuwa 6 bayan furenta ya buɗe, lokacin da ba ta wuce tsawon yatsa ba sosai. Ki karya tsininta: idan ya ɓalle nan take, tana da taushi, idan ya lanƙwashe, ta ƙosa, kuma ƙosasshiya ko an daka ta sai zare da ɗan guntun yauƙi. A riƙa zagaya ta duk bayan kwana 2, domin uwar da aka bar wa 'ya'ya suka tsufa a jikinta rage fure take yi. Da hantsi ya fi, bayan raɓa ta bushe. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi.

Idan ta gida ba za ta isa ba, sai kasuwa, kuma a nan maigida ya kamata ya saurara, tunda sau da yawa shi ne mai zuwa. A je da sassafe, a nemi mutanen ƙauye da suka kawo nasu da kansu, ko dai a kasuwar kayan gwari irin ta 'Yankaba a Kano, ko a kasuwannin mako kamar ta Wudil da ke ci ranar Juma'a. Wanda ya noma abinsa zai gaya maka yaushe ya tsinka da yaushe ya yi feshin ƙarshe, wanda ya sara daga hannu na uku kuwa shi ma bai sani ba. A gaisa sosai, a ce "Baba, a ɗan juye mana kwandon mu ga ƙasansa." Ba rashin yarda ba ne, a ƙasan kwando ne wadda ta kwana biyu take ɓuya. Wadda gefunanta suka fara baƙi ko aka yayyafa mata ruwa don ta yi sheƙi, a bar ta ko da an sallama a rabin kuɗi, araha ba ta ado. Kuma kada sauƙin farashi ya sa a kinkimo abin da ya fi wurin shanya yawa. Ɗanyar kuɓewa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, kilo 10 idan ya bushe bai fi kilo 1 da ɗan ɗoriya ba, amma kafin ya kai haka sai ya cinye tabarmi da yawa.

Tumatir kuma a manta da shi yanzu. Nasa lokacin yana tafe, daga Janairu zuwa Maris, idan na noman rani irin na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, iska kuma ta bushe ƙamas.

Na uku shi ne aikin gaske. Ki wanke kuɓewar a ɗungunta, ki baza ta sai ruwan jikinta ya tsane gaba ɗaya, sannan ki yanka. Wadda aka yanka da jiƙa yauƙi take saki, ta manne da juna, ta ƙi bushewa. Ki cire kan, ki yanka sirara-sirara da busasshiyar wuƙa, kaurin kada ya wuce rabin santimita. Ni a ganina nan ne masu gaggawa suke asara, domin yanka mai kauri bayansa yake bushewa ya bar cikinsa da danshi. A fara yankan da safe don ta samu ranar wuni guda cikakke, wunin farko shi ne mai yanke hukunci. Wadda aka yanka da la'asar ta kwana da ruwanta, kafin gari ya waye ta fara canza launi.

Ki baza a faifai, ko tabarma, ko wankakken buhu, shimfiɗa ɗaya ba tsibi ba. A ɗaga ta daga ƙasa, a kan tebur ko benci, don iska ta ratsa kuma kaji da awaki su haƙura. Leda ba ta dace ba, gumi take tarawa a ƙarƙashi. Idan a kan rufin kwano za a shanya, a fara shimfiɗa zane saboda tsatsa. A rufa da mayafi mai shara-shara don ƙudaje, amma ban da gidan sauro mai magani, maganin da ke jikinsa ba na abinci ba ne. Ki juya ta da hannu sau 2 ko 3 a wuni. Kafin magariba a shigar da ita ɗaki, a can ma a baze za ta kwana. Raɓar wannan lokaci tana da nauyi, dare ɗaya ya isa ya mayar da aikin wuni biyu baya. Idan rana ta yi kyau, kwana 3 zuwa 5 sun isa. Alamar ta bushe ita ce ki matsa ta karye, ki damƙa ki ji tana ƙaras-ƙaras.

Ganye kuwa ba ya son ranar da kuɓewa ke so. Zogale, kuka, yakuwa, rama, lalo da karkashi, duk a inuwa ake busar da su, a rumfa ko ɗakin da iska ke kaɗawa. Rana tana ƙone korensu, ta rage musu amfani a jiki, shi ya sa garin kukar da aka shanya a inuwa yake fita kore shar, na rana kuma ya yi fari-fari. A tsige, a wanke, a tsane, a baza. Wasu sukan tsoma rama da alayyahu a tafasasshen ruwa na ɗan minti biyu kafin shanya, kuma hakan yana riƙe launi. Idan ganye ya murƙushe a tafin hannu, ya yi.

Na huɗu, ajiya. Ki bari kayan su huce daga zafin rana kafin ki rufe. Kwalba ko bokiti mai murfi mai kamawa ya fi buhu. Kada ki dake kuɓewar duka, gari yana saurin jan laima, yauƙinsa kuma yana raguwa. Ki riƙa daka na mako ɗaya ko biyu. Bayan kwana 3 ki buɗe ki duba, in kin ga gumi a jikin kwalbar, a mayar da ita rana. Wadda ta riga ta yi fumfuna a zubar, shanya ba ta gyara ta.

Game da wake da gyaɗar da ake saye a kaka: kada a zuba musu maganin ƙwari irin su Sniper. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai ruɓi uku da iska ba ta shiga, ko jarkar da aka cika ta har wuya aka toshe ruf, suna kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Sharaɗin dai shi ne ƙwayar ta bushe sosai, ki ciza ki ji ta fashe.

Sai iri. Tun yanzu ki zaɓi uwa 2 ko 3 da suka fi lafiya da haihuwa, ki ɗaura musu tsumma don yara su san ba a taɓawa, ki bar 'ya'yansu su bushe a jiki har su fara tsagewa. Mutane da yawa ragowar ƙarshen shekara suke ɗebewa, sannan su yi ta mamakin yadda irinsu ke lalacewa. Idan irin da kika shuka na fakiti ne mai alamar F1, wato wanda aka samu ta hanyar haɗa iri biyu, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba, gara ki sayi sabo. A ɓare, a ƙara shanyawa a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka, a rubuta suna da shekara.

Da kuɓewa ta gama, a tuge karan, a ƙone waɗanda suka yi cuta, a kafce wurin a zuba ruɓaɓɓen takin awaki. Kada a mayar da kuɓewa ko yakuwa ko rama a nan, 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ma ɗaya. A Oktoba a yafa irin tumatir da salak da kabeji a ƙaramin komi, a dasa su bayan mako 3 zuwa 4, daidai shigowar sanyi. Karas shi ba a dasa shi, inda zai zauna a nan ake shuka shi.