Yadda na shawo kan birki a gangaren I-70

Mun taso daga birnin Denba a Amurka za mu jihar Yuta ta babbar hanyar I-70, wadda ta ratsa duwatsun Roki a Kolorado. Muna fitowa daga ramin Eisenhower, inda hanyar ta bi ta cikin dutse, mita 3,400 sama da teku, sai gangara ta miƙe har garin Silverthorne. Ƙafata na kan birki, ban ɗaga ba. Can ƙauri ya cika motar, birkin ya yi laushi kamar soso.

Na gangara gefe na tsaya. Ƙanena ya ɗauko gorar ruwa zai watsa, na ce kul, faifan birki mai zafi lanƙwashewa yake. Muka jira minti 40 ya huce. Da giya ta 2 na ƙarasa gangaren, injin na gurnani yana riƙe motar, birki kuwa sai in taɓa in saki.